Ina naira 180 ta fito? Lissafin kashi cikin ɗari a kanti da gidan abinci

Tambayar ta zo da rasit biyu. Na farko na wani kanti ne: takalmi na naira 40,000, an liƙa masa ragin kashi 30 cikin ɗari, a wurin biya kuma aka ce mai katin kantin yana da ƙarin ragin kashi 10. Mai tambaya ya haɗa biyun ya samu kashi 40, ya sa ran zai biya 24,000, sai aka karɓi 25,200. Na biyu na gidan abinci ne: su uku suka ci na 24,000, aka ɗora kuɗin hidima kashi 10 da harajin VAT (harajin da ake ɗorawa a kan sayen kaya da hidima) kashi 7.5. A lissafinsa 28,200 ne, takarda ta ce 28,380. Yana so ya san ko cutarsa aka yi, kuma yaya mutum zai riƙa yin irin wannan lissafi da ka, yana tsaye gaban mai karɓar kuɗi.

Malam, a duka wuraren biyu lissafin na'urarsu ya fita daidai, kuma abu ɗaya ne ya ba ka matsala. Duk inda aka ce "kashi kaza cikin ɗari", maganar ba ta cika ba sai an faɗi na mene ne. Kashi 10 na 40,000 naira 4,000 ne, kashi 10 na 28,000 kuwa 2,800. Sunansu ɗaya, nauyinsu ya bambanta.

Ɗauki takalmin. Kashi 30 na 40,000 shi ne 12,000, saura 28,000. Ragi na biyu a kan wannan sauran aka yi shi, watau 2,800, aka bar maka 25,200. Kai kuwa ka cire kashi 10 ɗin daga farashin asali, shi ya sa ka ga kamar an riƙe maka 1,200. Ainihin ragin da ka samu kashi 37 ne. Hanya mafi sauƙi ita ce ka daina duban abin da aka cire, ka dubi abin da ya rage. Ragin kashi 30 yana nufin za ka biya kashi 70. Ragin kashi 10 yana nufin za ka biya kashi 90 na wancan. Bakwai sau tara 63, ke nan kashi 63 na farashin za ka biya, kuma kashi 63 na 40,000 shi ne 25,200. Da wannan za ka gane cewa ragin rabi sau biyu ba ya sa kaya su zama kyauta: rabin rabi rubu'i ne, sai ka biya kashi 25.

Ko wanne aka fara cirewa, 30 ɗin ko 10 ɗin, amsa ɗaya ce, don haka kada ka ɓata bakinka a kan wannan. Inda ya kamata ka sa ido shi ne idan ɗaya daga cikin ragin tsabar kuɗi ne. A ce kayan 40,000 ne, kana da takardar ragin naira 5,000, ga kuma ragin kashi 10. In aka fara da kashi 10, ya koma 36,000, a cire 5,000, ka biya 31,000. In aka fara cire 5,000, ya koma 35,000, kashi 10 nasa 3,500, ka biya 31,500. Ɗari biyar ta tafi saboda wanda aka gabatar kawai.

Rasit ɗin gidan abincin ma haka ne, sai dai nan sama ake hawa. Kuɗin hidima kashi 10 na 24,000 shi ne 2,400, jimla 26,400. Su kuma sun lissafa VAT a kan 26,400, wanda ya ba da 1,980. Kai ka lissafa shi a kan 24,000, ka samu 1,800. Bambancin 1,980 da 1,800 shi ne 180 ɗin da kake nema: haraji ne a kan kuɗin hidimar. Wasu gidajen suna ɗora kowanne a kan kuɗin abinci zalla, wasu suna jera su ɗaya bisa ɗaya, kuma rasit ɗin ne zai nuna maka wanda aka yi. Raba kuɗin harajin da aka rubuta da 75, ka ninka da dubu, za ka ga adadin da aka ɗora shi a kai. A naka, 1,980 a raba da 75 ya ba da 26.4, watau 26,400. Idan an jera su, ƙarin da ke kanka gaba ɗaya kashi 18.25 ne maimakon 17.5. A Legas akwai kuma dokar jiha ta 2009 da ta ɗora kashi 5 a kan abin da aka ci ko aka sha a otal da gidajen abinci, saboda haka rasit ɗin can yana iya zuwa da layi uku. Abin da ya fi dacewa shi ne tun kafin a kawo abinci ka tambaya ko farashin da ke jikin takardar zaɓin abinci da haraji a ciki. Tambaya ce ta daƙiƙa biyar, ta fi jayayya bayan an share kwano.

Yanzu lissafi da ka. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage, sunayen ne kawai suka sauya. Wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san rabi, da rubu'i, da tumuni, da sulusi, da sudusi. Rabi kashi 50 ne, rubu'i 25, tumuni 12.5, sulusi 33 da ɗan ɗoriya, sudusi kusan 16.7. Manomi ya san ushurin zakkar hatsi, ɗaya bisa goma, da rabinsa ga noman ban-ruwa, watau kashi 10 da kashi 5. Ɗan kasuwa ya san zakkar kuɗi, ɗaya bisa arba'in, naira 25 a kowace dubu, wato kashi 2.5. Da waɗannan kaɗai an gama yawancin lissafin kanti.

Ushuri shi ne tushe. Kashi 10 na kowane kuɗi, ka jefar da sifili ɗaya na ƙarshe: na 36,000 shi ne 3,600. Rabin wannan, 1,800, shi ne kashi 5. Rabin rabin, 900, shi ne kashi 2.5. Kashi 1 kuwa sifili biyu ake jefarwa, 360. Sauran duk haɗe-haɗe ne. VAT na Najeriya, kashi 7.5, shi ne 5 da 2.5, watau 1,800 da 900, jimla 2,700. Ko ka riƙe shi a matsayin naira 75 a kowace dubu, ninki uku na zakkar kuɗi: dubu 36 sau 75 shi ma 2,700. Alhazai da masu Umara suna gamuwa da kashi 15 a Saudiyya, inda aka ɗaga harajin daga kashi 5 a watan Yulin 2020. Nan sai ka haɗa ushuri da rabinsa. A Nijar harajin TVA, watau VAT ɗinsu, kashi 19 ne, kuma ya fi sauƙi ka ɗauki kashi 20 ka cire kashi 1: a kan sefa 15,000, kashi 20 shi ne 3,000, a cire 150, saura 2,850. Mutanen Maraɗi da Damagaram da ke ƙirga kuɗi da dala, sefa biyar-biyar, su lura da abu guda: kaso ba ya sauyawa ko da dala aka ƙirga ko da sefa, amma dole farashin da ragin su kasance da ma'auni ɗaya. Rasit da aka buga da Faransanci kuma waƙafi yake sawa a inda na Najeriya ke sa ɗigo, don haka 7,5 a can bakwai da rabi ne.

Akwai wata dabara da ba a cika sani ba. Ana iya musanya lambobin biyu, amsa ba ta sauyawa. Kashi 16 na 50 daidai yake da kashi 50 na 16, watau 8. Saboda haka in aka ce ragin kashi 16 a kan 50,000, amsa 8,000 ce. Tana aiki sosai idan farashin ya faɗa a kan 25, 50 ko 20.

Idan da kalkuleta ko waya za ka yi, shawarata ka bar maɓallin nan mai alamar kaso, don ba duka na'urori ke fassara shi iri ɗaya ba. Yi amfani da ninkawa. Ragin kashi 30, ninka da 0.7. Ƙarin VAT, ninka da 1.075. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne mantawa da sifilin, a buga 1.75, sai harajin ya zama kashi 75. In ka riga ka ƙiyasta da ka cewa harajin ba zai kai ushuri ba, da ganin amsar za ka san yatsa ya zame.

Wurin da hatta masu shago ke tuntuɓe shi ne komawa baya. Rasit ya ce jimla 21,500 da VAT a ciki. Nawa ne harajin? Da yawa za su ɗauki kashi 7.5 na 21,500 su ce 1,612.50. Kuskure ne, domin a kan farashin kafin haraji aka ɗora shi, kuma 21,500 ɗin ya riga ya ƙunshe shi. Raba 21,500 da 1.075, ka samu 20,000. Harajin 1,500 ne. Da ka, ka ɗauki kusan kashi 7 na jimlar: 1,505, ka kusa ƙwarai. A Saudiyya, cikin kowane riyal 115 da ka biya, 15 haraji ne, kusan kashi 13 na jimlar. A Nijar, cikin sefa 11,900, harajin 1,900 ne, kusan kashi 16. Haka nan in kana son sanin farashin asali daga wanda aka yi wa ragi: an ce an rage kashi 20 ya koma 12,000, sai ka raba da 0.8 ka samu 15,000. Wanda ya ƙara kashi 20 a kan 12,000 zai tsaya a 14,400, ya rasa 600.

Ka kuma sani ba kowane kaya ake ɗora wa VAT ba. A Najeriya kayan abinci na yau da kullum irin su hatsi, doya, ɗanyen nama da kayan miya ba sa ɗauke da shi, haka magunguna da littattafai. Amma abincin da aka dafa aka sayar a gidan abinci ko otal yana ɗauka. Shi ya sa a babban kanti, in ka haɗa shinkafa da sabulu da lemon kwalba a kwando ɗaya, harajin da ke ƙasan rasit ba zai kai kashi 7.5 na jimlar ba. In ka ga ya kai cif alhali rabin kayan hatsi ne, wannan ya cancanci tambaya.

Rashin daidaito tsakanin kason hawa da na sauka shi ne jarin masu ragin bogi. A ce buhu ya tashi daga 50,000 zuwa 75,000: ya hau da kashi 50. In ya dawo 50,000, kashi 33 kawai ya sauka, domin yanzu daga 75,000 ake aunawa. Mai shago da ya ƙara kashi 25 sannan ya yi shelar ragin kashi 20 ya dawo da kai daidai inda kake. Wanda ya ɗaga kayan 10,000 zuwa 15,000 gabanin salla, ya rataya allon ragin kashi 30, zai sayar maka 10,500, ka tafi kana murna alhali ka biya fiye da na da. Farashin da aka soke da jan biro ba hujja ba ne. Abin da ake sayar da kayan a shaguna biyu ko uku na kusa shi ne ma'auni. Haka kalmar "har zuwa" a allon talla: ragin "har zuwa kashi 70" yana iya zama kaya ɗaya ne tak a lungu ya kai hakan, sauran suna kan kashi 10.

Ciniki a kasuwa ma haka yake. Mai atamfa ya ce 20,000, ka taya 12,000, ya ce albarka, aka yi ta ja har ya sallama a 15,000. Za ka ce ka karya kashi 25. Daga ina? Daga kuɗin da ya yanka da bakinsa, wanda ya riga ya sa wa wurin ragi. In ainihin kuɗinta a layin 14,000 ne, kai ne ka ƙara kusan kashi 7.

Gyara tana da nata lissafin, kuma kullum ba ta kai yadda take a ido ba. Ka sayi lemo goma a naira 1,000, aka yi maka gyaran biyu. An ƙara maka kashi 20 na kaya, amma ragin kuɗi kashi 16.7 ne, domin yanzu kowane lemo ya tashi a kan naira 83 da 'yan kwabbai maimakon 100. Kwalin da aka rubuta wa ƙarin kashi 50 kyauta daidai yake da ragin sulusi. Sayi biyu a ba ka ɗaya, shi ma sulusi ne, da sharaɗin kana bukatar ukun. Sayi ɗaya ka ɗauki na biyu a rabin kuɗi kuwa rubu'i ne kacal: kaya biyu na 2,000 kowanne, ka biya 3,000 maimakon 4,000. Kalmar "rabi" ce ke jan ido a allon.

Kishiyar gyara ita ce tauye mudu, kuma ita ta fi yadda take a ido. Ƙullin garin madara da ya sauka daga giram 500 zuwa 450 a kan tsohon farashi ya ragu da kashi 10, amma tsadarsa ta ƙaru da kashi 11. Mudun da aka buga wa gindi ya shige ciki har ya rage ushuri, haka lissafinsa yake: mudu goma da ka biya tara ne a buhunka. Maganin wannan a kanti shi ne fitar da kuɗin giram ɗaya ko lita ɗaya. Gwangwani mai giram 400 a 3,200 ya tashi naira 8 kowane giram. Babban mai giram 900 a 7,650 ya tashi 8.50. Babban ya fi tsada da fiye da kashi 6, duk da an saba ɗauka cewa babba ya fi araha.

Kuɗin cirewa a wurin mai POS yana cikin abin da ya kamata a riƙa mayarwa kaso. In yana karɓar naira 100 a kan duk abin da bai wuce 5,000 ba, wanda ya ciri 5,000 ya biya kashi 2, wanda ya ciri 2,000 ya biya kashi 5, wanda ya ciri 1,000 ya biya ushuri guda. Mai cirar dubu-dubu sau biyar a mako ya ba da 500 a kan abin da 100 za ta isar masa.

Sayen kaya biya-kaɗan-kaɗan ya fi wannan ɓoye lissafi. Waya ce 120,000 kuɗi hannu. An ce ka ajiye 40,000, sannan ka riƙa biyan 17,000 duk wata har wata shida. Jimla 142,000, ƙarin 22,000, wanda a kan 120,000 bai kai kashi 19 ba. Amma 40,000 ɗin naka ne, ka riga ka bayar. Abin da aka jinkirta maka 80,000 ne. Ƙarin 22,000 a kan 80,000 kashi 27.5 ne cikin wata shida, kuma bashin raguwa yake duk wata, don haka nauyin ya ma fi haka. Hukuncin irin wannan ciniki a shari'a na malamai ne. Lissafin dai ke nan.

Ga mai sayarwa kuwa, akwai rami guda da ke cinye uwar kuɗi. Ya saro kaya 8,000, yana sayarwa 10,000. Ribarsa kashi 25 ce a kan sari, kashi 20 a kan kuɗin sayarwa. In ya riƙe 25 ɗin a kansa, abokin ciniki ya nemi ragin kashi 20, ya ce ai saura min 5, to ya yi aikin banza: kashi 20 na 10,000 shi ne 2,000, ribar gaba ɗaya, ban da kuɗin mota da ɗan dako. Haka la'adar dillali: a yanke tun farko ko a kan kuɗin da aka sayar ne ko a kan riba.

Irin wannan ruɗanin ya shafi labarai ma. Lokacin da VAT na Najeriya ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a watan Fabrairun 2020, wanda ya ce an ƙara 2.5 ya yi gaskiya, wanda ya ce harajin ya ƙaru da rabi shi ma ya yi gaskiya. Abin da ya taɓa aljihun mai saye kuwa shi ne kayan da yake biya 105 sun koma 107.50, ƙarin kusan kashi 2.4. Kuma in aka ce hauhawar farashi ta sauko, misali daga kashi 30 zuwa 20, kaya ba su yi araha ba. Hawan ne ya rage gudu.

Saura rabon kuɗin abincin nan tsakaninku ku uku. A al'ada mutum ɗaya ne kan zaro ya biya, sauran su ce Allah ya ƙara buɗi, amma abokan aiki da ke karo-karo suna bukatar lissafi. A ce ɗaya ya ci na 12,000, ɗaya na 8,000, ɗaya na 4,000. Ƙarin da aka ɗora 4,380 ne. In aka raba shi uku daidai, kowa 1,460, mai 4,000 zai biya 5,460, alhali hidima da harajin da abincinsa ya jawo 730 ne kawai. Hanyar adalci ita ce a raba jimlar rasit da kuɗin abinci zalla, 28,380 a raba da 24,000, a samu 1.1825, sannan kowa ya ninka nasa da wannan. Na farko 14,190, na biyu 9,460, na uku 4,730. Ka haɗa su ka gani, 28,380 ne cif. Tukwici kuwa, tunda an riga an sa kuɗin hidima a takarda, ganin damarka ne. Inda ya zama kamar wajibi shi ne Amurka, wurin da aka saba barin kashi 15 zuwa 20 na kuɗin abinci, kuma farashin da ke rubuce a can galibi babu harajin saye a ciki, sai an zo biya ake ɗora shi. A nan gida, in kana son abin ya isa hannun yaron da ya yi muku hidima, miƙa masa a hannunsa ya fi tabbas.